Makonni Huɗu na Jira: Sa Zuciya da Fansa a Wajen Kirista Kafin Kirsimeti

Da zarar watan Nuwamba ya doshi ƙarshe, sanyin hunturu ya fara sauka, hazo ya lulluɓe gari, manoma kuma suka duƙufa ga yankan dawa da sussuka, akwai wani canji da yakan auku a cikin majami'u da yawa na ƙasar nan wanda ba kowa ne yake lura da shi ba. Duk wanda ya shiga majami'ar Katolika ko ta Angilikan a Kaduna, ko Jos, ko Yola, a ranar Lahadin ƙarshe ta Nuwamba ko ta farkon Disamba, zai tarar an kawar da koren mayafin da aka saba gani a kan bagade, an shimfiɗa mai launin shunayya, shi ma mai jagorantar sujada ya sa riga mai irin wannan launi. A gefe guda kuma an jera kyandir huɗu, amma ɗaya kaɗai aka kunna, sauran ukun suna nan tsaye babu wuta. Wannan ita ce alamar shigowar lokacin da Kiristoci suke kira Adbent, watau makonni huɗu na jira da shirin zuciya kafin ranar Kirsimeti.

Galibin mutane, har da wasu daga cikin Kiristocin kansu, abin da suka sani game da Kirsimeti bai wuce hutun kwana biyu, da sabon ɗinki, da shinkafa da kaji, da cunkoson tashar mota ba. Ma'aikacin gwamnati yana lissafin ranar da albashin Disamba zai fito, ɗalibi kuwa yana ƙirga kwanakin da suka rage a gama jarrabawa a ba da hutu. Amma a tsarin ikilisiya waɗannan makonni suna da nasu matsayi dabam, har ma daga gare su ne ake fara ƙidayar sabuwar shekarar ibada, maimakon ɗaya ga watan Janairu. Ya kamata kuwa mai neman ilimi, kowane addini yake bi, ya san abin da maƙwabcinsa ko abokin aikinsa yake nufi da su.

Asalin Kalmar da Lissafin Kwanaki

Kalmar ta samo asali ne daga adventus ta harshen Latin, ma'anarta zuwa ko isowa. Rumawa sukan yi amfani da ita idan sarki zai shigo wani birni, a share hanya, a gyara ƙofar gari, jama'a su fita tariya. Lokacin yana farawa ne ranar Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, saboda haka ba ya riga 27 ga Nuwamba, ba ya kuma wuce 3 ga Disamba. Idan Kirsimeti ta faɗo ranar Litinin, kwanakin jiran 22 ne kacal, idan kuwa ta faɗo ranar Lahadi, sai su cika 28.

Al'adar ba rana ɗaya ta kafu ba. Rubutun tarihi mafi daɗewa da ya nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba a birnin Rum yana komawa ne zuwa shekarar 336. A shekarar 380 wani taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Saragosa ta ƙasar Sifen ya umarci masu bi da kada su ƙaurace wa majami'a daga 17 ga Disamba har zuwa 6 ga Janairu. Bayan kimanin shekara ɗari, Bishof Perpetuus na birnin Tours a ƙasar da yanzu ake kira Faransa ya tsara azumin kwana uku a kowane mako, daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti, taron da aka yi a Macon a 581 kuma ya ƙarfafa wannan tsari, ya tsai da ranakun Litinin da Laraba da Juma'a. Daga baya aka taƙaita lokacin zuwa Lahadi huɗu a Rum, wannan lissafi kuwa shi ne ya bazu a ƙasashen Yamma, ko da yake birnin Milan na Italiya har yau yana riƙe da makonni shida.

Ikilisiyoyin Gabas ba su saki azumin ba. Mabiya ɗariƙar Otodoks suna azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba bisa kalandarsu. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa nasu kwana 43 ne, ba cin nama, ba shan madara, sai ranar 7 ga Janairu su yi bikinsu. Habashawa suna kiransa azumin annabawa, sunan kuwa ya dace, domin annabawa su ne suka fara wannan jira.

Me Ake Jira?

Tushen maganar yana cikin tarihin Bani Isra'ila. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Nebukadnezzar Sarkin Babila ta rushe Urushalima, ta ƙone Haikali, ta kwashi manyan gari zuwa bauta. Sun yi kusan shekara hamsin a baƙuwar ƙasa kafin Sairus Sarkin Farisa ya ba su izinin komawa gida a shekara ta 538. Amma komawar ba ta kawo musu mulkin kansu ba. Bayan Farisawa sai Girkawa, daga bisani kuma Rumawa suka kama Urushalima a shekara ta 63 kafin haihuwar Almasihu. A duk tsawon waɗannan ƙarnoni, abin da ya riƙe su shi ne alkawarin da annabawansu suka bar musu, cewa Allah zai ta da wani shafaffe daga zuriyar Dawuda wanda zai yi mulki da adalci. Wannan shi ne dalilin da ya sa littafin Annabi Ishaya ya fi kowane littafi na Tsohon Alkawari fitowa cikin karatun waɗannan makonni.

Kiristoci sun gaskata cewa alkawarin ya cika da haihuwar Yesu a Baitalami. Amma idan ya riga ya zo, me kuma ake jira? A nan ne mai karatu zai gane cewa jiran yana da fuska biyu. Fuska ta farko waiwaye ce zuwa ga haihuwar da ta riga ta wuce, ta biyu kuwa hange ne zuwa ga dawowarsa a ƙarshen zamani domin shari'a. Saboda haka ne karatun Lahadin farko ba ya zancen jariri ko komin dabbobi, sai zancen zaman faɗake da ranar hisabi. Sai an kai 17 ga Disamba sa'an nan ake juyawa sosai ga labarin Maryamu da Yusufu. Wani malami Bafaranshe mai suna Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya ƙara fuska ta uku a tsakanin biyun, watau zuwan Almasihu cikin zuciyar mai bi a rayuwarsa ta yau da kullum.

Musulmi mai karanta wannan ba zai ji labarin baƙo ƙwarai ba. Alƙur'ani mai girma yana da sura sukutum mai sunan Maryam, wadda ta kawo labarin Annabi Zakariyya da haihuwar Annabi Yahaya, da yadda Nana Maryamu ta haifi Annabi Isa ba tare da namiji ya kusance ta ba, Musulmi kuma sun yi imani da saukowarsa kafin tashin alƙiyama. Inda hanya ta rabu shi ne, a Musulunci Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, alhali Kirista yana ɗaukarsa Ɗan Allah, Mai Ceto, wanda mutuwarsa da tashinsa su ne fansar 'yan Adam. Bambancin babba ne, ɓoye shi kuwa ba ya ƙara zumunci, saninsa shi ne yake sa kowa ya girmama iyakar ɗan'uwansa.

Kalmar Fansa

Babu kalmar da ta fi yawo a bakin masu wa'azi cikin wannan lokaci kamar fansa, Bahaushe kuwa ya san ta tun kafin zuwan Turawan mishan. A zamanin da ake kai hari ana kama mutane, idan aka kama ɗa, danginsa sukan tara dukiya su bi sawunsa har inda aka kai shi, su biya, su dawo da shi gida. Bawa ma yakan iya fansar kansa, ubangidansa ya yanka masa kuɗi, ya riƙa sana'a yana biyan murgu, yana kuma tara na fansa har ranar da zai cika. Dokar Turawa ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ashe ke nan a 1932, shekarar da aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai, akwai dubban mutane da rai waɗanda suka san zafin kalmar a jikinsu. A garin Rumasha ma, kusa da kogin Binuwai, 'yan mishan sun buɗe gidan renon yaran da aka kuɓutar daga bauta a 1909.

Abin sha'awa shi ne, Ibraniyawa ma irin wannan al'ada suke da ita. A dokar Attaura, cikin sura ta 25 ta Littafin Firistoci, idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gado, ko ya sayar da kansa, wajibi ne a kan ɗan'uwansa mafi kusa ya biya ya fanshe shi. Labarin Rut da Bo'aza a kan wannan doka aka gina shi. Sharuɗɗan mai fansa a fili suke: ya zama dangi na jini, ya kasance yana da abin biya, ya kuma yarda ya biya. Malaman Kirista daga nan suke ɗauko bayaninsu game da Kirsimeti. Suna cewa ɗan Adam ya faɗa cikin bautar zunubi da mutuwa, bashin kuwa ya fi ƙarfin murgunsa, komai tsawon shekarun da zai yi yana biya. Tun da yake baƙo ba ya fansa sai dangi, sai Almasihu ya ɗauki jiki irin na mutane, aka haife shi cikin talauci, domin ya cancanci tsayawa a matsayin ɗan'uwa. A wannan fahimta, ba a raba komin dabbobi na Baitalami da gicciyen Urushalima, na farko shi ne mafarin na biyu.

Jiran Gawon Shanu da Jiran Manomi

Hausawa suna da zaurance iri iri game da jira. Akwai jiran gawon shanu, na wanda ya naɗe hannu ya zauna yana kallon sama ko wani abu zai faɗo. Akwai kuma jiran manomi, wanda ya binne irinsa cikin ƙasa, ya yi noma, ya yi maimai, ba ya iya sa hatsi ya nuna kafin lokacinsa, amma kuma ba ya barin gona ga ciyawa. Jiran da ake koyarwa a majami'u cikin Disamba irin na biyun ne. Kiristoci masu jin Hausa suna kiransa da suna biyu, sa zuciya da bege. Kalmar bege ta fi zurfi, gama Bahaushe ba ya begen abin da bai damu da shi ba, sai wanda ransa ya ƙwallafa a kai, kamar yadda sha'irai suke begen Annabi, ko uwa take begen ɗanta da ya yi nisa.

Mutumin da ya fi fitowa cikin karatun Lahadi ta biyu da ta uku shi ne Yahaya Mai Baftisma, ɗan Zakariya da Alisabatu, wanda ya yi wa'azin tuba a bakin Kogin Urdun. Bisharar Luka ta nuna cewa da jama'a suka tambaye shi abin da za su yi don su shirya, bai aike su wani dogon aikin ibada ba. Ya umarci mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ko ɗaya. Masu karɓar haraji ya hana su karɓar fiye da abin da aka yanka. Sojoji kuwa ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su wadatu da albashinsu. Duk wanda yake zaune bayan teburin ofis, fayil ɗin talakawa yana bi ta hannunsa, zai ga cewa wannan nasiha ta shekara kusan dubu biyu ba ta tsufa ba ko kaɗan. Shirin Kirsimeti na gaskiya, a koyarwar ikilisiya, ya haɗa da biyan bashi, da mayar da haƙƙi, da sulhu da wanda aka ɓata da shi.

Tarihi ya adana labarin mutanen da suka gwada wannan koyarwa a wuri mai tsanani. Dietrich Bonhoeffer, fasto ne Bajamushe wanda ya yi adawa da mulkin Hitila, aka kama shi a watan Afrilu na 1943, aka tsare shi a kurkukun Tegel da ke Balin. A watan Nuwamba na wannan shekara ya rubuta wa wani amininsa wasiƙa, inda ya kwatanta zaman fursuna da lokacin Adbent, domin fursuna yana jira, yana sa rai, yana 'yan ayyukansa, amma ƙofar a kulle take, daga waje kaɗai ake iya buɗe ta. Ƙofar kurkukun ba ta buɗe masa ba, an rataye shi a sansanin Flossenburg ranar 9 ga Afrilu, 1945, wata guda kafin Jamus ta miƙa wuya. A kurkukun nan dai wani limamin Katolika, Alfred Delp, ya rubuta tunaninsa game da Adbent a Disamban 1944 hannuwansa suna cikin ankwa, shi ma aka kashe shi ranar 2 ga Fabrairu, 1945. Masu wa'azi sukan kawo labarinsu don su nuna cewa sa zuciyar Kirista ba alkawarin tsira daga wahala ba ce, imani ne cewa zalunci da mutuwa ba su ne za su yi magana ta ƙarshe ba.

Kyandir Huɗu

Al'adar kunna kyandir ba ta da daɗewa kamar azumin. Wani fasto ne mai suna Johann Hinrich Wichern ya faro ta a birnin Hambug na Jamus, inda ya kafa gidan renon yara marasa galihu a 1833. Yaran sun dame shi da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti, sai a 1839 ya samo tsohuwar ƙafar keken doki ta katako, ya kakkafa mata kyandir, manya huɗu farare na ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye na sauran ranaku, kullum a kunna ɗaya. Daga baya aka rage su zuwa huɗu, aka kewaye su da ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa da sanyi. A majami'u da yawa uku daga cikinsu masu launin shunayya ne, alamar tuba, ɗaya kuwa ruwan hoda, ta Lahadi ta uku, wadda ake kira Lahadin murna saboda an wuce rabin hanya. Da a ce a ƙasar Hausa al'adar ta faro, da watakila ganyen gawo aka ɗauka, itacen da yake zubar da ganye da damina, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da daji ya bushe.

A Ƙasar Nan

Ba dukan ikilisiyoyin Arewa ne suke bin kalandar Adbent daki-daki ba. Katolika, da Angilikan, da Lutaran na yankin Numan, da Metodis su ne suka fi riƙe ta. Wasu kuwa, kamar ECWA da Baftis, shirinsu ya fi bayyana a koyon waƙoƙi da dare, da tarukan Zumuntar Mata, da wasan kwaikwayon yara game da makiyaya da masu hikima daga gabas, da sujadar godiya ta kaka, inda ake shigo da damman dawa da doya da kaji gaban majami'a. Tarihin su kansu waɗannan ikilisiyoyi tarihin jira ne. Ranar 4 ga Disamba, 1893, cikin makon farko na Adbent, samari uku suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasar Sudan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta sami kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki ne kuma ECWA ta fito a 1954.

A yau kalmar fansa ta sake shiga bakin jama'a ta wata mummunar hanya. Da wuya a yi mako ba a ji labarin kuɗin fansa ba, an sace matafiya a hanya, ko manoma a gona, ko ɗalibai a makaranta, iyalai na sayar da shanu da gonaki don su karɓo nasu. Wannan bala'i bai bambance masallaci da majami'a ba. Daren 14 ga Afrilu, 2014, aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, yawancinsu 'ya'yan Kirista, da dama daga Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har yanzu kuma akwai waɗanda ba su dawo ba. Mutanen Madalla ba su manta da safiyar 25 ga Disamba, 2011 ba, lokacin da bam ya tashi a ƙofar majami'ar Katolika ta Santa Teresa ana fitowa daga sujada. Ga iyaye irin waɗannan, zancen ɗaurarre mai jiran wanda zai buɗe ƙofa daga waje ba misali ba ne na littafi, halin da suke kwana suke tashi a ciki ke nan. Idan suka taru suka kunna kyandir, suna shaida ne cewa ba su fid da rai ba, suna kuma tunatar da masu riƙe da amanar tsaro cewa akwai haƙƙi a wuyansu.

Bisharar Luka ta ambaci wasu tsofaffi biyu a Haikali masu jiran fansar Urushalima, dattijo Saminu da wata gwauruwa mai suna Hannatu, wadda shekaru suka yi mata yawa ƙwarai. Ba su da sarauta, ba su da dukiya, abin da aka san su da shi kawai shi ne ba su gaji ba. Hausawa sun ce komai nisan dare gari zai waye, mahaƙurci kuma mawadaci. Ranar Lahadi ta huɗu za a kunna kyandir na ƙarshe, daren 24 ga Disamba a kawar da shunayya a shimfiɗa fari, washegari kuma yara su ɗauki kwanonin shinkafa zuwa gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda naman layya yake zuwa gidajen Kirista da Babbar Salla. Fatan da ya kamata kowa ya yi shi ne, Allah ya sa waɗanda suke tsare su komo cikin iyalansu, ya kuma zaunar da ƙasar nan lafiya.